Taƙaitaccen Tarihin Marina Raskova, Jagorar Matan Rasha a Sararin Sama

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ɗauko zancen matan da suka yi fice a sararin samaniya, sunan da yake fara zuwa bakin jama'a shi ne na Valentina Tereshkova, 'yar ƙasar Rasha wadda ta shiga kumbo ran 16 ga watan Yuni 1963, ta kewaya duniya sau 48, ta zama mace ta farko 'yar sama jannati. To, amma masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Shekara ashirin da biyar kafin tashin wannan kumbo, akwai wata mace a ƙasar da ta riga ta sa mutane suka saba da ganin 'ya mace a sama, watau Marina Raskova. Wannan maƙala za ta bi rayuwarta tun daga haihuwa har zuwa rasuwa, domin a ga yadda ta sami suna, da kuma abin da ta yi da sunan bayan ta same shi, wanda a ganina shi ne ya fi cancanta a tuna ta da shi.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Marina a birnin Masko ran 28 ga watan Maris 1912, a zamanin da Rasha take ƙarƙashin sarauta. Sunan gidansu Malinin. Mahaifinta mawaƙi ne, yana kuma koyar da waƙa, mahaifiyarta kuwa malamar makaranta ce. Saboda haka tun tana ƙarama aka sa ta a hanyar kiɗa da waƙa, ita ma burinta ke nan ta zama mawaƙiya a irin wasan kwaikwayon nan na Turawa da ake yi da waƙa, wanda ake kira opera. Ba wanda ya taɓa kawo mata jirgin sama a rai.

Tana da shekara biyar aka yi juyin juya halin 1917 wanda ya kawar da sarauta, ya kawo mulkin 'yan gurguzu. Tana da shekara bakwai, a cikin 1919, mahaifinta ya rasu, ga ƙasa kuwa cikin yaƙin basasa da yunwa. Da ta girma sai ta ga waƙa ba za ta riƙe gida ba, ta juya ga ilmin kemistiri. A cikin 1929 ta gama makaranta ta kama aiki a wata masana'antar rini a Masko. A nan ta gamu da wani injiniya mai suna Sergei Raskov, suka yi aure, daga nan ne ta sami sunan Raskova da duniya ta san ta da shi. Sun haifi 'ya ɗaya, Tatyana, a cikin 1930. Auren bai daɗe ba, ya mutu a 1935.

Shigarta Aikin Jirgin Sama

Bayan haihuwa da ta koma neman aiki, sai ta samu a babbar makarantar mayaƙan sama ta Zhukovsky da ke Masko, a matsayin mai zane a sashen da ake koyar da lissafin hanyar jirgi. Shugaban sashen shi ne Alexander Belyakov, wanda daga baya, a cikin 1937, ya shahara saboda shi ya ja hanyar jirgin da ya tashi daga Masko ya ratsa ƙuryar arewacin duniya ya sauka Amurka. Aikin Marina da farko bai wuce zana taswira da shirya wa malamai kayan aiki ba, amma da yake tana zaune ana ba da lacca, sai ta riƙa saurare tana koyo.

Ya kamata mai karatu ya fahimci irin wannan aiki, domin shi ne ginshiƙin labarin. A wancan zamani babu na'urorin da suke nuna wa jirgi inda yake kamar yadda ake da su yanzu. A cikin babban jirgi akwai matuƙi mai riƙe da sitiyari, akwai kuma mai lissafin hanya, wanda yake zaune da taswira da kamfas da agogo, yana auna gudun jirgi da ƙarfin iska, yana duban koguna da duwatsu da rana, da dare kuwa yana duban taurari, sa'an nan ya gaya wa matuƙi inda zai sa gaba. Matsayinsa kamar na jagaba ne a ayarin fatake. In ya yi kuskure kaɗan, sai jirgi ya bauɗe da nisa mai yawa, mai ya ƙare a inda babu filin sauka.

Kafin ƙarshen 1934 Marina ta riga ta sami takardar shaida a wannan fanni, ta zama mace ta farko mai lissafin hanya a rundunar mayaƙan saman Tarayyar Sobiyat, har aka ba ta koyarwa a makarantar da ta shiga a matsayin mai zane. A 1935 kuma ta koyi tuƙi a ƙungiyar masu sha'awar jirgin sama. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun bazu ƙwarai a ƙasar a lokacin, samari da 'yan mata ma'aikatan masana'antu suna zuwa bayan an tashi aiki, suna koyon tuƙi da dira da laima kyauta.

Tafiyar Jirgin Rodina

A shekarun 1930 manyan ƙasashe suna gasa a kan wanda jirginsa zai fi nisan tafiya, gwamnatin Stalin kuwa ta ɗauki wannan gasa da muhimmanci domin ta nuna wa duniya ƙarfin gurguzu. A watan Oktoba 1937 Marina da wata matuƙiya mai suna Valentina Grizodubova suka yi tafiyar kimanin kilomita 1,445 ba tare da sauka ba. A watan Yuli 1938 kuma, tare da Polina Osipenko da Vera Lomako, ta ja hanyar wani jirgi mai sauka a ruwa daga Sevastopol a kudu zuwa Arkhangelsk a arewa, tafiyar fiye da kilomita 2,400. Waɗannan duka share fage ne.

Ran 24 ga watan Satumba 1938 wani jirgi mai inji biyu, da aka laƙaba wa suna Rodina, watau ƙasar haihuwa, ya tashi daga kusa da Masko ya nufi gabas mai nisa. Grizodubova ce shugaba, Osipenko mataimakiyarta, Marina kuwa ita ce mai lissafin hanya. Niyyarsu su ratsa Saibiriya gaba ɗaya su sauka a garin Komsomolsk da ke bakin Kogin Amur. Ba su yi nisa ba gajimare ya rufe su, suka daina ganin ƙasa. Suka ƙara sama, sanyi ya tsananta har rediyonsu ya daina aiki, suka yanke da kowa. Haka suka kwana suna tafiya, Marina tana dogara da kamfas da taurari. Da gari ya waye sai suka tarar sun wuce inda suka nufa, har sun kai gaɓar Tekun Okhotsk. Suka juyo, ga mai ya kusa ƙarewa, ƙarƙashinsu kuwa babu kome sai kurmi da fadama.

Ba makawa sai a kifa jirgin a kan cikinsa a fadama. Matsalar ita ce ɗakin mai lissafin hanya yana can a hancin jirgi, ba shi da ƙofar da ta haɗa shi da wurin matuƙa, kuma shi zai fara dukan ƙasa. Sai Grizodubova ta umarci Marina ta dira da laima. Ta dira, ta faɗa tsakiyar kurmi ita kaɗai, ba ta da guzuri sai cakulan guda biyu da 'yar bindigar hannu. Sauran biyun suka saukar da jirgin lafiya a wata fadama kusa da ƙauyen Kerbi, bayan sun yi awa 26 da minti 29 a sama. Sun ci kilomita 6,450, in an auna a miƙe kuwa kilomita 5,908, abin da wasu mata ba su taɓa yi ba a duniya.

Kwana goma Marina ta yi tana yawo a cikin kurmi tana neman jirgin, tana cin 'ya'yan itatuwa, tana kwana a sanyi. A wannan lokaci ƙasa duka ta ɗauka, jaridu da rediyo ba su da zance sai na matan nan uku, aka baza jirage da mutane nema. Ran 3 ga watan Oktoba aka hango Rodina daga sama, bayan kwana biyu zuwa uku kuma Marina ta fito da ƙafafunta ta iske 'yan uwanta. Da suka koma Masko aka yi musu gagarumar tarba, Stalin ya karɓe su a fadar Kremlin. Ran 2 ga watan Nuwamba 1938 aka ba su lambar Jarumin Tarayyar Sobiyat, wadda ita ce mafi girma a ƙasar, su ne kuwa mata na farko da suka same ta. Marina tana da shekara 26.

Abin da Ke Bayan Biki

Wanda zai rubuta tarihi bai kamata ya tsaya a kan abin da jaridun zamanin suka buga kaɗai ba. A lokacin da ake neman Rodina, jirage biyu na masu ceto sun yi karo a sama, mutum fiye da goma suka mutu, amma hukuma ta ɓoye labarin don kada ya ɓata biki. Bugu da ƙari, 1937 da 1938 su ne shekarun da Stalin ya fi tsananta kame da kisa, aka harbe dubban ɗaruruwan mutane, aka tura wasu sansanonin aikin dole. Shi kansa Andrei Tupolev, injiniyan da ofishinsa ya ƙera jirgin, yana tsare tun watan Oktoba 1937. Labarin matan nan uku ya yi wa gwamnati amfani ƙwarai wajen ɗauke hankalin jama'a daga wannan bala'i. Har ila yau, Marina ta riƙe muƙami a hukumar tsaron cikin gida ta NKVD, watau hukumar da take gudanar da kamen. Saboda haka ita 'yar gida ce a wannan mulki, ta ci moriyarsa, shi ma ya ci moriyarta.

Duk da haka, jarumtakar da ta nuna a kurmi ba ƙirƙira ba ce, kuma tasirinta a kan 'yan mata ya wuce abin da hukuma ta yi zato. Littafin da ta rubuta a kan aikinta ya fito a 1939, aka karanta shi ko'ina. 'Yan mata da yawa sun adana hotonta, sun shiga ƙungiyoyin koyon tuƙi saboda ita. A shekarar ce kuma, a watan Mayu, abokiyar tafiyarta Polina Osipenko ta mutu a haɗarin jirgi.

Yaƙi da Kafa Rundunonin Mata

Ran 22 ga watan Yuni 1941 sojojin Hitila suka afka wa Tarayyar Sobiyat, suka ragargaza jirage masu ɗimbin yawa tun a kwanakin farko. Matan da suka iya tuƙi suka garzaya ofisoshin ɗaukar soja, aka riƙa mayar da su gida, ana ce musu fagen fama na maza ne. Da suka rasa mai sauraronsu sai suka riƙa rubuta wa Marina wasiƙu. A nan ne ta yi abin da ya bambanta ta da sauran waɗanda suka yi suna a zamaninta. Tana iya zamanta a Masko tana jawabi a rediyo, ba wanda zai zarge ta. Sai ta ɗauki kukan matan ta kai wa manya, ta yi amfani da shigar da take da ita a wurin hukuma, ta nace har aka amince. Ran 8 ga watan Oktoba 1941 aka ba da umarnin kafa rundunonin mayaƙan sama guda uku na mata, aka ɗora mata nauyin tara su da horar da su.

Ta tara ɗaruruwan mata a Masko, wasu matuƙa, wasu ɗaliban jami'a masu karatun lissafi da kimiyya waɗanda aka mayar masu lissafin hanya, wasu kuma ma'aikatan masana'antu da aka mayar makanikai da masu ɗora bom. A tsakiyar watan, lokacin da Jamusawa suke dab da birnin, aka zuba su a jirgin ƙasa zuwa garin Engels a bakin Kogin Volga. Aka aske musu gashi, aka ba su kayan soja na maza waɗanda suka yi musu yawa, har sai da suka riƙa cusa tsumma a takalma. Karatun da aka saba yi cikin shekaru aka matse shi cikin watanni, ana yi dare da rana a tsakiyar hunturu. Wani aiki mai wuya da ya faɗo kan Marina shi ne rabon matsayi, domin kowace yarinya so take a ba ta jirgin faɗa, ba mai son a ce ita ce makanike. Ita ce ta riƙa zama da su tana lallashi, tana nuna musu cewa jirgi ba ya tashi sai da mai gyara.

Runduna ta 586 aka ba ta jiragen faɗa samfurin Yak-1, aikinta tsare garuruwa da gadoji da hanyoyin jirgin ƙasa daga harin sama. Daga cikinta ne Lydia Litvyak ta fito, wadda daga baya aka mayar da ita rundunar maza, ta harbo jiragen Jamus da dama kafin a kashe ta a watan Agusta 1943. Runduna ta 588, a ƙarƙashin Yevdokia Bershanskaya, aka ba ta wasu ƙananan jirage na koyon tuƙi da aka yi da katako da zane, samfurin Po-2, marasa gudu. Da dare suke fita, mace biyu a kowane jirgi, in sun kusa sansanin abokan gaba sai su rage inji su sulalo shiru su saki bom, su koma a sake ɗora musu, haka har gari ya waye. Jamusawa suka sa musu suna Mayun Dare. Kafin yaƙi ya ƙare sun tashi fiye da sau 23,000, kuma fiye da ashirin daga cikinsu sun sami irin lambar da Marina ta samu. Wannan runduna ce kaɗai ta zauna ta mata zalla har ƙarshe.

Runduna ta 587 kuwa Marina ta riƙe ta da kanta. Da farko an yi niyyar ba su wani tsohon samfuri, ita ce ta tsaya sai an ba su Pe-2, sabon jirgi mai inji biyu mai jefa bom, wanda ko maza suna kuka da wuyar tashinsa da saukarsa. Da yake ita asalinta mai lissafin hanya ce, tuƙinta bai kai na wasu da take shugabanta ba, sai ta zauna ta koyi jirgin tare da su.

Rasuwarta

A ƙarshen 1942 aka umarci rundunarta ta tafi fagen fama na Stalingrad, inda ake gwabza yaƙin da ya juya akalar al'amura. Ran 4 ga watan Janairu 1943 tana jagorantar jirage uku zuwa can, sai hazo da dusar ƙanƙara suka rufe su a yankin Saratov. Jirage biyu suka yi saukar dole, mutanen cikinsu suka tsira. Nata jirgin ya daki ƙasa kusa da gaɓar Volga, duk waɗanda ke ciki suka mutu. Tana da shekara 30, ta bar 'ya mai shekara goma sha biyu. Aka yi mata jana'izar ƙasa a Masko, aka ajiye tokarta a jikin ganuwar Kremlin, inda ake ajiye manyan ƙasar.

Ba ta ga ranar da rundunarta ta fara kai hari ba, domin sai a ƙarshen watan ne suka shiga yaƙin Stalingrad, 'yan kwanaki kafin Jamusawan da aka yi wa ƙawanya su miƙa wuya ran 2 ga watan Fabrairu. Aka naɗa wani namiji, Valentin Markov, ya gaje ta. A cikin shekarar aka ɗaukaka rundunar, aka sa mata lamba 125, aka kuma raɗa mata sunan Marina Raskova, ta ci gaba da yaƙi da wannan suna har 1945.

Kammalawa

Da yaƙi ya ƙare aka rushe rundunonin nan uku tsakanin 1945 da 1947, aka sallami yawancin matan, aka ce su koma gida su yi aure su raya ƙasa. Ƙofar da Marina ta buɗe da ƙyar sai aka mayar aka tura. Irin wannan ne ya sake faruwa a zamanin kumbo. Bayan tashin Yuri Gagarin a 1961, hukuma ta so ta riga Amurka aika mace, sai a 1962 aka zaɓi mata biyar. An fi neman waɗanda suka ƙware a dira da laima, domin matuƙin kumbon Vostok da laima yake sauka, kuma Tereshkova, ma'aikaciyar masaƙa, a irin ƙungiyoyin nan na sha'awar jirgin sama ta koyi dira. Ita kaɗai ta tashi a cikin biyar ɗin, aka wargaza ƙungiyarsu a 1969, sai bayan shekara 19 da tashinta, a 1982, wata mace 'yar ƙasar, Svetlana Savitskaya, ta shiga kumbo.

Abin da za a lura da shi a nan shi ne, hukumar Sobiyat takan ɗaga mace ne a lokacin da take bukatar abin nuna wa duniya, ko kuwa lokacin da wuya ta kai wuya, in bukata ta biya sai a manta. Marina Raskova ta taso a cikin wannan tsari, ta yi masa aiki, ba ta kuwa fita daga laifinsa ba. Amma da aka ba ta suna don a yi ado da ita, sai ta juya shi ya zama tsani ga ɗaruruwan mata, waɗanda suka tabbatar a fagen fama cewa 'ya mace tana iya tuƙa kowane irin jirgi, tana iya gyara shi, tana kuma iya ba da umarni a bi. Bayan su, ba wanda zai sake kawo hujjar cewa ba a taɓa gani ba. Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991, amma har yanzu akwai tituna masu sunanta a garuruwan Rasha, kuma masana taurari sun raɗa wa wani wuri a doron tauraruwar Zara sunan Raskova.